Idan Kuɗin Tsoho Suka Salwanta ta Hanyar Mugunyar Shawara: Yadda Ake Bin Haƙƙi a Sakkwato

Kawuna ya yi shekara 35 yana riƙe da alli. Da garatutinsa ya fito bayan dogon jira, wani matashi da suke sallah sahu ɗaya a Mabera ya zo masa da shawara: kada a bar kuɗi kwance a banki tsadar rayuwa tana cinye su, akwai inda za a zuba a riƙa samun kashi 10 cikin 100 duk wata. Wata uku ana biya, ko kwana ɗaya ba a ƙarawa. A wata na huɗu aka ce ana gyaran na'ura. A na biyar wayar ofis ta daina shiga. Kawu bai gaya wa kowa ba, sai da Inna ta lura cefane ya ragu, maigida kuma ya daina barci. Da na tunkare shi, abin da ya ce da ni ke nan: "Wanga abu ƙaddara ta, ku bar ma Allah."

Ƙaddara ce, babu musu, amma bin haƙƙi ma ba ya fita daga cikinta. Abin da na gani a watannin da muka yi muna zirga-zirga shi ne yawancin iyalai tun a makon farko suke ɓata shari'arsu. A yi wa tsoho faɗa ya rufe bakinsa, a goge saƙonni cikin fushi, sannan a ruga ofishin da ba shi da hurumi a kan maganar. Ga tsarin da ya kamata a bi.

Da farko, shi tsohon

Kuɗin nasa ne, haƙƙin ƙara nasa ne, kuma shi ne babban shaida. Idan kuka kunyata shi a gaban 'ya'ya da surukai, rabin labarin kawai za ku samu. Ku zaɓi mutum ɗaya wanda yake sakewa da shi, ƙane ko babbar 'ya ko amininsa, su zauna su biyu. Kada a tambaye shi yadda aka yi mai ilimi kamarsa ya yarda da wannan. A tambaye shi yaushe aka fara, nawa ya bayar, ta wace hanya, wa ke wurin, me aka ce masa. Tambaya ɗaya da kada a manta: ko ya jawo wasu sun saka nasu kuɗin. Idan ya jawo, ku ga lauya kafin ku je kowace hukuma, domin sunansa na iya fitowa a cikin masu tallata harkar.

A ranar kuma a rufe ƙofar ƙarin asara. Duk wanda ya ce a turo wani abu don a "buɗe" asusun ko a biya haraji kafin a saki uwar kuɗi, ƙarya yake. A canza lambar sirrin katin banki da ta manhajar waya. Idan ya taɓa ba wani lambar da banki ke turowa ta tes, a je banki a sauya komai. A kuma gwada masa jini. Masu hawan jini irin wannan labarin ne ke kayar da su.

Idan kuɗin ba su daɗe da fita ba, wato jiya ko shekaranjiya aka yi tiransifa, ku bar duk abin da kuke yi ku tafi bankinsa tare da shi. Kowane banki yana da teburin da ke karɓar rahoton damfara, kuma suna iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka shiga tun ba a kwashe ba. A nan sa'o'i ake ƙirgawa.

Tattara hujja tun wanda ake zargi bai farga ba

Ku karɓi sitatimen na banki mai hatimi, daga wata guda kafin biyan farko har zuwa yau. Ku ja layi ƙarƙashin kowane kuɗi da ya fita da kowane da ya dawo. Duk tiransifa tsakanin bankuna tana da doguwar lambar shaida mai alƙaluma 30 wadda ke kan rasit, da ita ake bin sawun kuɗi, don haka a rubuta ta. Idan ta wurin mai POS aka tura, a koma wurinsa da wuri, ya duba na'urarsa ya fitar da rasit ɗin ranar.

Sai waya. Kada a goge komai, kada tsoho ya fita daga zauren WhatsApp na masu harkar ko da zagi ake yi a ciki. A ɗauki hoton kowane saƙo yadda lambar mai turowa da kwanan wata za su fito, a adana saƙonnin murya a wata wayar daban. A wajenmu alƙawarin "uwar kuɗinka ba za ta taɓu ba" galibi a saƙon murya ake yin sa, kuma shi ne hujja mafi tsada. Ita kanta wayar a ajiye ta, kada a sayar, kada a ba jika. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi hujjar da aka ciro daga waya ko kwamfuta, amma sai an haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro. Lauya zai rubuta ta cikin sauƙi muddin wayar tana nan.

A haɗa fom ɗin da ya cike, satifiket, takardun talla, katin ofis, ko da ɗan guntun takarda ne da aka rubuta lissafi a kai. Idan tsaba aka miƙa hannu da hannu, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a ji ta bakinsu yanzu tun ba su manta ba.

Daga nan a zauna a rubuta labarin a shafi ɗaya ko biyu, bi da bi da kwanan wata. A ƙarshe a yi lissafi na gaskiya. Idan ya zuba naira miliyan 4 aka ba shi dubu 400 sau uku, asararsa miliyan 2 da dubu 800 ce. Kada a ɓoye abin da ya karɓa, sitatimen zai tona, kuma mai binciken da ya kama ku da ƙarya ɗaya zai yi shakkar sauran maganarku. Ribar da aka yi alƙawari ba a biya ba, ku cire rai da ita.

Wace irin asara ce?

Nan ne wurin da ya fi cancantar a ɓata lokaci, domin amsar ita ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Akwai asarar kasuwa zalla. Wanda ya sayi hannun jari a farkon 2008, lokacin da ma'aunin farashin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki 66,000, ya ga ya gangaro ƙasa da 25,000 a farkon 2009, bai da wanda zai kama don farashi ya faɗi. Haka wanda aka ba shawarar ya sayi masara da gero ya ajiye a ƙarshen 2024, farashi ya karye a 2025. Shawarar ba ta yi kyau ba, amma idan an ba da ita da zuciya ɗaya, babu ƙarya, babu la'adar da aka ɓoye, da wuya kotu ta ɗora wa mai ita biya. Gara a faɗa wa juna wannan tun farko da a zubar da sauran kuɗin wajen lauya.

Akwai kuma sakaci ko yaudarar ma'aikaci mai lasisi: dillalin hannun jari, kamfanin juya kuɗi, ma'aikacin banki, wakilin inshora. Waɗannan doka ta ɗora masu sanin wanda suke hulɗa da shi da ba shi abin da ya dace da halinsa. Alamun da ake nema su ne an tabbatar masa ba za a yi asara ba a abin da ake iya asara, an ɓoye masa haɗarin, an zuba dukkan garatutin ɗan shekara 65 a wuri ɗaya mai haɗari, an sayar da hannun jarinsa ba da izininsa ba, an riƙa saye da sayarwa barkatai don a tara kamasho, ko an sa shi ya sa hannu a takardar Turanci ba a karanta masa ba.

Sai damfara tsantsa, irin wadda ake biyan na farko da kuɗin na baya. MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, kuma tsakaninsu an yi ƙanana da yawa masu suna irin na noma, kiwon kaji da cinikin kuɗin intanet. Na Kawu a nan ya faɗa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi yawa a garin nan: an ba ɗan'uwa ko yaron gida ko wani ɗan kasuwa kuɗi ya juya a raba riba, ya dawo ya ce an yi asara.

Yadda ake bambance na biyu da na uku ba shi da wuya. A shiga shafin intanet na SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, a nemi sunan kamfanin a jerin waɗanda ta yi wa rajista, a kuma duba aikin da aka ba shi izinin yi. Masu damfara sun gwanance wajen rataye takardar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a bango. Takardar CAC shaidar haihuwar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba. Haka satifiket ɗin SCUML, na sashen yaƙi da halasta kuɗin haram. Bayan rugujewar CBEX sai da EFCC ta fito ta bayyana cewa wannan takarda ba lasisin harkar zuba jari ba ce. Mai karɓar ajiya lasisin CBN yake buƙata, mai juya jarin mutane na SEC, mai inshora na NAICOM, mai kula da fansho na PenCom.

Idan mai lasisi ne

Ƙa'idar duk ɗaya ce: sai ka fara kai kuka wurin wanda ya cuce ka, a rubuce, kafin hukuma ta saurare ka. Mutane na ganin wannan ɓata lokaci ne, sai su tsallake, hukuma ta maido su baya bayan wata biyu.

Wasiƙar kada ta wuce shafi biyu. Sunan tsoho da lambar asusunsa, ranar da aka ba shi shawara da wanda ya bayar, abin da aka ce masa, abin da ya biya, abin da ya faru, sai abin da kuke so a fili: a maido naira kaza cikin kwana kaza. Ban da zagi, ban da Allah ya isa, a bar wannan a gida. A haɗa kwafin hujjoji, asalin takardu kuwa kada su bar hannunku ko wa ya nema. A kai kwafi biyu, a buga maku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku dawo da shi. Wannan hatimin shi ne tikitinku na mataki na gaba.

Idan dillalin hannun jari ne ko kamfanin juya kuɗi, tsarin sauraron ƙorafi da SEC ta fitar a 2015 ya ba shi kwanakin aiki 10 ya warware. Kafin wa'adin ya cika, ku nemi sitatimen na CSCS, inda ake ajiye hannayen jari, da lambar tsoho ta CHN, wato lambar shaidar da ake ba kowane mai hannun jari. Shi zai nuna abin da aka saya da abin da aka sayar da ranakunsu, ko da dillali yana ɓoye-ɓoye. Idan bai warware ba, sai a kai ga sashen sa ido na kasuwar hannun jari ta NGX idan dillalinta ne, sannan SEC. Ofishin SEC mafi kusa da mu yana Kano, hedikwata tana Abuja, kuma ana iya aikawa ta intanet. Wanda bai gamsu ba yana da kotun musamman ta harkar zuba jari, IST, wadda aka kafa don a gama irin waɗannan shari'u cikin watanni, kuma daga ita sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Akwai kuma asusun kare masu zuba jari da ke biyan diyya idan dillali ya karye ko ya ci amana. Abin da yake biya yana da iyaka, ba ya kuma biyan faɗuwar farashi, amma ku nema.

Idan a banki abin ya faru, tambaya ta farko ita ce asusun wa kuɗin suka shiga. Idan ma'aikaci ya karɓa a cikin banki, da fom ɗin banki, a lokacin aiki, to bankin ne abokin shari'arku ko da ya ce ya kori ma'aikacin. Idan kuwa asusun kansa ya ba tsoho a tura, bankin zai yi ƙoƙarin zare hannu, amma duk da haka ku rubuta masa, ku nuna cewa kujerar banki ce ta sa tsoho ya amince. A karɓi lambar ƙorafi, a jira mako 2. Idan shiru ne ko amsar ba ta gamsar ba, a rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Ba sai an je Abuja ba, reshen CBN na nan Sakkwato yana karɓa, kuma kyauta ne. CBN ta sa wa irin wannan ƙorafi wa'adin shekara 6 daga ranar da abin ya faru, amma kada wannan ya sa ku sanya.

Wani lokaci bankin ne da kansa ya mutu, musamman ƙananan bankuna. A Mayun 2023 kaɗai CBN ta soke lasisin guda 179. A nan NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, ake nufa. Tun 2024 tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙanana, abin da ya haura kuma sai an sayar da kadarorin bankin. Da aka rufe bankin Heritage a Yunin 2024, ta lambar BVN ta riƙa tura wa mutane kuɗi a asusunsu na wasu bankuna. Wannan kariya ta ajiyar banki mai lasisi ce kawai, ba ta shafi kamfanin da ya kira kansa banki a allon talla ba.

Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke tsarin fansho na Dokar 2014 suna da tasu matsalar. Lokacin ritaya ana zaɓa tsakanin karɓa kaɗan-kaɗan daga kamfanin fansho da miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biya har mutuwa. Wanda ya koma inshora ba ya dawowa. Idan wakili ya ɓoye masa wannan ko ya yi masa ƙaryar abin da zai riƙa samu, a rubuta wa PenCom da NAICOM gaba ɗaya. Ƙungiyar gama-kai kuwa, rigimarta wurin daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha ake fara kai ta.

Idan hukumar gwamnati ce ta yi watsi da takardarku, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo, amma ba ta son maganar da ta wuce wata 12.

Idan damfara ce

EFCC tana da ofishin shiyya a nan Sakkwato. Ana rubuta takardar koke zuwa ga shugaban hukumar ta hannun shugaban shiyya, a sa sunan mai koke da adireshi da lambar waya, a haɗa labarin nan na shafi biyu da kwafin hujjoji. Abin da ya fi amfanar mai bincike shi ne lambobin asusun da kuɗin suka shiga, lambobin wayar masu harkar, adireshin ofis, da duk wata kadara da kuka san sun saya: gida, fili, mota. Da waɗannan ake neman kotu ta rufe asusu. Kai koke kyauta ne. Duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce ya san wani a ciki, ku wuce shi. Tsoho zai je da kansa ya ba da bayani, a raka shi, a kuma karanta masa abin da aka rubuta da Hausa kafin ya sa hannu.

Doka a nan tana da haƙori. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara, ta kuma ba kotu ikon sa mai laifi ya maido abin da ya ci. Sabuwar Dokar Zuba Jari ta 2025 ta ambaci irin wannan harka da sunanta, ta sa tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin shekara 10 ko duka biyun ga masu gudanarwa da masu tallatawa. Sai dai ɗauri daban, kuɗi daban. Abin da ake rabawa shi ne abin da aka iske, kuma sau da yawa an riga an kwashe. Shi ya sa ya fi kyau ku nemi sauran waɗanda aka cuta ku shigar tare, domin koken mutum 40 ya fi na mutum ɗaya nauyi, kuma duk wanda sunansa ba ya cikin fayil ba ya cikin rabo.

Kada ku manta da wanda ya kawo tsoho. Babban mai harkar yana iya kasancewa a wata ƙasa, amma matashin nan yana unguwa. Idan ya karɓi kamasho a kan kowane mutum da ya kawo, ya kuma ba da tabbacin da ya san ba shi da ikon bayarwa, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zai ce shi ma an cuce shi. Yana iya zama gaskiya. Sitatimen ɗinsa ne zai raba gardama.

Idan ɗan'uwa ne ko ɗan kasuwa

Wannan a fiƙihu ƙiradi ne: ɗaya da dukiya, ɗaya da aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, mai juya kuɗin amintacce ne. Idan ya ce an yi asara, ana karɓar maganarsa da rantsuwa, asarar kuma a kan mai dukiya take, sai fa idan an nuna ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna zuwa kotu da tunanin ko ta halin ƙaƙa sai an maido uwar kuɗi.

Saboda haka aikinku shi ne nuna inda ya kauce. An ba shi ya sayi albasa a ajiye a rudu har farashi ya ɗaga, sai ya kai kuɗin harkar intanet: ya ƙetare iyaka. Ya sayar bashi ba da izini ba, ko ya yi aure ko ya sayi mota da jarin: zai biya. Ya sayi albasar, ya bar ta ruwa ya doke ta ta ruɓe alhali an faɗakar da shi: sakaci ne. Amma idan ya yi duk abin da 'yan kasuwa ke yi farashi ya karye, sai haƙuri. Idan kuma tun farko an yanka wani adadi da zai riƙa bayarwa duk wata ko an ci riba ko ba a ci ba, ƙiradin ya ɓaci, alƙali ne zai warware yadda za a yi. Idan bashi ne aka ba shi, uwar kuɗi na kansa gaba ɗaya, ƙarin da aka ɗora kuwa babu alƙalin da zai karɓar maku.

A fara da sulhu, a gaban liman ko mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwar layinsu. A Babbar Kasuwa da Kara, kunyar shugabannin layi ta fi sammaci saurin fitar da kuɗi. Amma sulhun baki ba ya kai Sallah. A rubuta adadin da ya amsa yana kansa, yadda zai biya da ranakun biya, wanda ya tsaya masa, da jinginar da ya ajiye, misali takardar fili, shaidu biyu su sa hannu. Sannan a kai takardar kotu ta mai da ita hukuncinta, yadda idan ya saɓa za a tafi kai tsaye ga aiwatarwa. Idan cek ya bayar, ku sani ba da cek na bogi laifi ne mai ɗaurin shekara 2 a dokar 1977, muddin an kai shi banki cikin wata 3. Kada tsoho ya sa hannu a kan "na yafe sauran", kada kuma a janye koke, sai kuɗin ƙarshe sun shiga.

Idan sulhu ya ƙi, kotun shari'ar Musulunci tana sauraron irin wannan tsakanin Musulmi, da Hausa, kuɗinta kaɗan ne, ba dole sai da lauya ba. Hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musanta, don haka ku je da shaidunku. Abu ɗaya da zan hana ku: kada ku sa 'yan sanda ko 'yan banga su kama shi ko su ƙwace masa babur a kan bashi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar ciniki zalla, kuma yana iya maka ku kotu a kan tauye haƙƙi, mai bin bashi ya koma mai biyan diyya.

Lauya, wakilci da lokaci

Idan kuɗin sun kai miliyoyi ko abokin shari'a kamfani ne, ku biya kuɗin ganin lauya ko da sau ɗaya ne. Tambayoyi uku za ku yi masa: wace kotu ke da hurumi, yaushe wa'adin shigar da ƙara zai cika, kuma wanda za a kai ƙara yana da abin da za a kama? Kai ƙorafi hukuma ba ya tsayar da wa'adin kotu, kuma hukuncin da aka samu a kan wanda ba shi da ko akuya takarda ce kawai. A yi jingar lauya a rubuce. Wanda ba shi da hali ya nufi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi na Sakkwato ya tambayi masu aikin agaji.

Banki da hukuma ba za su saurari ɗa ko ƙane ba sai da izinin mai asusu. A rubuta takardar wakilci tun yana da lafiya, ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu, idan bai karanta Turanci a rubuta cewa an fassara masa. Idan ya rasu ana cikin haka, haƙƙin bai mutu ba, ya shiga cikin gado. Magada su samo takardar kotu da ke nuna wanda zai ci gaba da bi.

Masu dawowa cin na biyu

Makonni kaɗan bayan abin ya fashe, waya za ta fara shigowa: jami'in EFCC na bogi, lauyan Facebook, gwanin kwamfuta mai "janyo" kuɗi daga intanet, har da malamin da zai yi aiki kuɗi su dawo. Sau da yawa jerin sunayen waɗanda aka cuta ne ke yawo a hannunsu. Kawu saura kaɗan ya tura dubu 50 na "rajistar masu karɓar diyya", Allah ya sa ya tambaye ni lambar asusun ta yi daidai ko ba ta yi ba. Tun ranar muka yi yarjejeniya cewa duk kiran da ya shafi maganar ya ce a kira ni.

Kafin a rufe fayil, a bincika akwatin tsoho. Dattawan garin nan da yawa sun sayi hannun jarin kamfanin siminti na Kalambaina da na bankuna shekaru da dama, suka manta. Kamfanin simintin ya narke cikin BUA Cement a 2020, kuma hannayen jarin ba su ɓata ba, an musanya su ne. Da tsohon satifiket ko takardar ribar shekara, a je banki a cike fom ɗin biyan riba kai tsaye cikin asusu, magatakardan kamfanin zai turo abin da ya taru.

Namu ya ƙare ne a zauren mai unguwa. Matashin ya amsa cewa ya karɓi kamasho, mahaifinsa ya tsaya masa, aka rubuta zai riƙa biya duk ƙarshen wata, kotu ta sa hatimi. Abin da ya dawo zuwa yanzu bai kai rabi ba, fayil ɗin manyan kuma yana nan a buɗe. Kwafin takardun yana cikin jakar da Kawu yake zuwa makaranta da ita a da, kuma duk ranar 30 ga wata shi da kansa yake kirana ya ce in duba ko alat ya shigo.